Sabar ajiya a cikin gida da ƙaramin kuɗi: me za a fara saya?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum, 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ga wata matsala da nake so masana su zauna mana a kanta. Gida ne mai mutum shida, kowa da wayarsa. Google 15GB yake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Tun Yunin 2021 aka daina karɓar hotuna ba iyaka, daga ƙarshen 2023 kuma kwafin WhatsApp na wayoyin Android ya fara shiga lissafin. Ana so a haɗa ma'ajiya a gida, wato sabar, irin wadda ake kira ta gajimare, hotuna da takardu su riƙa hawa kanta da kansu, kuma wanda ya yi tafiya Sakkwato ko Kwantagora ya iya buɗe fayil ɗinsa daga can. Kuɗin ba su da yawa, wuta ba ta tsayawa, intanet ɗin kuma na layin waya ne. Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, za a saya ko me?

Injiniya na Aliero:
Wa alaikumus salam. Ɗan Jega, ajiye maganar na'ura tukuna, ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. A nan Kebbi wuta ce ke kashe irin wannan aiki, sai zafi. Fara da lissafi. Ƙaramar kwamfuta da ke zaune ba ta aiki mai nauyi tana jan kamar wat 10, ƙaramin faifai mai inci 2.5 wat 2, rauta wat 8. Wat 20 ke nan. A awa 24 ya zama 480Wh, a wata 14.4kWh. Ko da farashin N225 da aka sa wa Band A a Afrilun 2024 ka buga, kuɗin wata bai wuce N3,240 ba. Kuɗin wutar ba su ne damuwa ba, samun ta ba yankewa shi ne. Faifai yana cikin rubutu a ɗauke wuta sau biyar a yini, ba zai yi tsawon rai ba, kuma fayilolin da ke kansa za su riga shi lalacewa.

Mai Gyara, Birnin Kebbi:
Shi ya sa tsohuwar laftof ta fi komi ga mai ƙaramin ƙarfi. Batirinta na jikinta, an ɗauke wuta ba ta ma san an yi ba. Ko wadda allonta ya fashe ta isa, kuma irinta ta fi arha a hannun masu gyara. A nemi Core i3 ko i5 daga zubi na huɗu (4th gen) zuwa sama, RAM 8GB, 4GB ma yana ɗauka idan ba a ɗora mata kaya da yawa ba. A sa ƙaramin SSD, faifan nan marar juyawa, na 120GB don tsarin aiki, faifan ajiya kuma daban. Wadda ke da ramin DVD, akwai akwatin da ake zurawa a wurin ya ɗauki faifai na biyu, ya fi a rataya faifai da kebul na USB yana lilo.

Pi ba laifi gare ta ba, amma mutane na kallon farashin allon kawai. Ka ƙara caja ta gaske mai bolt 5 amfiya 3 ga Pi 4, ko amfiya 5 ga Pi 5, ka ƙara akwati, fanka, akwatin faifai, kafin ka farga ka wuce kuɗin laftof ta hannu.

Ɗan Yauri:
Amma Mai Gyara, Pi 4 wat 3 take ja a zaune, laftof tana kai 10 zuwa 15. Ga mai sola wanga bambanci ba ƙarami ba ne.

Mai Gyara, Birnin Kebbi:
Gaskiyarka, ɗan'uwa, ta nan ta ci laftof. Amma ga abin da ke karya ta. Na ɗaya, katin memori: tsarin aiki yana yawan rubuce-rubuce a kansa, wuta ta yanke ana cikin rubutu ya ƙi tashi. Dole a tada ita daga SSD ta USB. Na biyu, ramukan USB na Pi 4 gaba ɗayansu amfiya 1.2 suke bayarwa, faifai mai juyawa kuwa lokacin tashi yana neman kusan amfiya 1 shi kaɗai. Ka haɗa biyu, sai ka ji yana ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa. A buga vcgencmd get_throttled, in amsar ba 0x0 ba ce to wuta ta yi mata kaɗan ko zafi ya kama ta. Kuma da ta kai digiri 80 take rage gudu da kanta. Ɗakin da ya kai 40 a watan Afrilu, ba wuya ta kai can.

Akwai kuma agogo. Pi 4 ba ta da batirin riƙe lokaci, in ta tashi ba intanet sai ta ci gaba daga lokacin da ta mutu, kwanan fayiloli ya rikice, takardar shaidar tsaron shafi ma ta iya ƙin aiki.

Injiniya na Aliero:
Bari in koma kan batir, don nan ake zubar da kuɗi. Batir na 100Ah mai bolt 12 yana da 1200Wh a rubuce, amma na ruwa ko na jel rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe, wato 600Wh. Kaya masu wat 20 za su yi awa 30 a kansa. To sai mutum ya sa inbata a tsakani. Inbata da yawa suna shan wat 20 zuwa 30 don kansu ko ba a jona musu komai ba. Ka ɗauki 25, jimilla ta zama 45, awa 30 ta koma 13. An ɗauki wutar batir an mayar da ita bolt 230, caja ta sake sauko da ita bolt 19, a kowane mataki ana asara.

Hanyar da ta fi ita ce a ja kai tsaye daga batir. Laftof ko ƙaramar kwamfuta a saya mata cajar mota. Rauta mai bolt 12 kada a jona ta tsirara, domin lokacin caji batir yana hawa 14.4, wasu rautoci ba sa jurewa. A sa ƙaramin allon daidaita wuta mai fitar da 12 cif. Fiyus na amfiya 10 a kusa da kan batir, ba a can ƙarshen waya ba, don wayar ce ake tsarewa kada ta kama wuta.

Fanel ɗin sola kuma: 480Wh a raba da awa 5 na rana mai ƙarfi, a cire asarar kashi 30 cikin ɗari, ya ba da wat 137. Fanel na 150 zai yi da ƙyar, na 200 shi ne zai tsallake hazon hunturu da hadarin Agusta. A duba bayan fanel kafin a biya kuɗi. In an ga Vmp, wato bolt ɗin da yake bayarwa a cikakken ƙarfi, wajen 18, kwanturolar caji mai arha, irin ta PWM, mai amfiya 20 ta isa. In an ga 30 da wani abu aka haɗa shi da PWM kan batir mai bolt 12, fiye da rabin ƙarfinsa ya tafi a banza, sai dai a sayi kwanturola irin ta MPPT.

Baba na Zuru:
Injiniya, Allah ya ƙara sani. Ka ƙara musu maganar cajar mota ɗin nan. Dell da HP suna da siririn tsinke a tsakiyar bakin caja, ta nan kwamfuta ke gane cajar wace iri ce. In aka yanka waya aka ba ta bolt 19 kawai, Dell sai ta rage gudun furosesa ta ƙi cajin batir, wani lokaci ta tsaya a farkon tashi tana jiran a danna F1, alhali ba kowa a gabanta. A sayi cajar da aka yi don irin kwamfutar, kuma a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, a kashe gargaɗin caja.

Injiniya na Aliero:
Haka ne, Baba, na gode. Kuma a cikin BIOS ɗin dai a nemi inda ake cewa ta tashi da kanta in wuta ta dawo. A kwamfutar tebur sunansa AC Recovery ko Restore on AC Power Loss, a Dell Latitude Wake on AC, a ThinkPad Power On with AC Attach. In ƙaramin batirin CR2032 na kan allo ya mutu, saitin nan gogewa yake yi, don haka a canza shi tun ranar farko, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ɗan Jega:
Madalla. To a ce an samu laftof da wuta. Faifai fa, nawa, kuma na hannu yana yi?

Malama 'Yar Argungu:
Sallama gare ku. Mutum shida, a ce kowa na da 40GB na hotuna da bidiyo, 240GB ke nan yau. Faifan 1TB zai nuna 931GB, ya ishe su shekaru in ba fina-finai za a tara ba. Amma faifai biyu za a saya, ba ɗaya ba. In kuɗin na faifan 2TB guda ne, a sayi na 1TB guda biyu. Wannan ba a sasantawa a kansa.

Na hannu yana yi in an gwada shi. A saka smartmontools, a buga smartctl -a /dev/sdb (in sdb ne sunan faifan), a duba layuka huɗu. Lamba 5, wuraren da suka lalace aka sauya. Lamba 197, wuraren da ake shakkarsu. Lamba 198, waɗanda suka ƙi karantuwa. Ukun nan duk sifili ake so, musamman 197 da 198. Lamba 9 kuma awowin da ya yi a kunne, shekara guda awa 8,760 ce, sai ka raba ka ga shekarunsa. Daga nan a sa shi dogon gwaji da smartctl -t long, yana ɗaukar awa biyu zuwa uku a faifan 1TB. Wanda ke son tabbaci sosai ya yi badblocks -wsv, amma yana goge komai kuma yana iya cin yini da kwana. A yi yarjejeniya da mai kaya tun a shago cewa in ya faɗi gwaji za a dawo da shi.

Kada a yarda da fulashi ko ƙaramin SSD da aka rubuta wa 2TB ana sayarwa da arhar banza. An yi wa na'urar ƙarya ne a cikinta, tana karɓar fayil tana rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar da aka zo buɗewa a ga wayam. Manhajar f3 ko H2testw tana tona asirinta.

Mai Gyara, Birnin Kebbi:
Malama, a faɗa musu maganar SMR, wani nau'in faifai mai juyawa. Ƙananan faifai masu inci 2.5 daga 2TB zuwa sama kusan duka irinsa ne, da yawa daga na 1TB ma haka. Layukan rubutunsa suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, gyara layi ɗaya sai an sake rubuta na kusa da shi. Ga hotunan gida da ake zubawa kaɗan-kaɗan ba matsala. Ranar farko da za a kwashe 200GB a tashi ɗaya ne za a ga gudu ya faɗi ƙasa warwas, kada a ɗauka ya lalace. Inda bai dace ba shi ne RAID, wato haɗa faifai biyu ko fiye su yi aiki kamar ɗaya, abin da ya jawo surutu kan wasu faifan WD Red a 2020 ke nan.

Ɗan Yauri:
To tunda faifai biyu ne, mi zai hana a haɗa su madubi, RAID 1? Ɗaya ya mutu ɗaya na nan.

Malama 'Yar Argungu:
A'a ƙanena, a wannan kasafin kuɗi asara ce. Madubi yana tsare ka daga abu ɗaya tak, mutuwar faifai guda. Yaro ya goge folda, a take ta goge a duka biyun. Tsawa ta bi waya a damina, duka biyun na jone a wuta ɗaya. Ɓarawo ya ɗauki laftof, ya ɗauki biyun. Faifai na biyu na kwafin ko-ta-kwana ne: a jona shi sau ɗaya a mako, a yi kwafi, a cire, a kai shi wani ɗaki, in da hali wani gida. Abin da za a iya rasawa hotunan mako guda ne, su kuma suna nan cikin wayoyi.

Baba na Zuru:
Ina tare da Malama. Sai dai in ja kunne kan abu ɗaya: mutane da sun ga hotuna sun hau sabar sai su goge na waya don samun fili. Daga lokacin kwafi ɗaya ya rage a duniya har ranar da aka jona faifai na biyu. A kafa doka a gidan, ba a goge komai daga waya sai bayan kwafin mako.

Yanzu maganar shiga daga waje, wadda ita ce ke sa mutane su yi kwana uku suna fama da rauta a banza. Layukan waya, MTN ne ko Airtel ko Glo, ba sa ba kowane mai layi adireshin intanet nasa na kansa. Mutane da yawa ke tarayya a adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Gane shi ba wuya. Shiga shafin rauta ka duba adireshin WAN, sannan ka buɗe shafin da ke nuna adireshinka na waje. In sun bambanta, ko na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayansa. Duk ƙofar da ka buɗe a rautarka ba ta kai waje ba, akwai wata ƙofa a gaba wadda makullinta ba ya hannunka. Starlink ma da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, tsarinsa na gida haka yake, ga shi dish ɗinsa na iya jan wat 50 zuwa 75 ko fiye, wanda ya rushe lissafin Injiniya gaba ɗaya.

Mafita mafi arha Tailscale ce, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta rufaffiyar hanya duk inda suke. An gina ta kan WireGuard, kyauta ce don amfanin gida. A saka ta a sabar, a saka a kowace waya, kowace na'ura ta samu adireshi mai farawa da 100 wanda ba ya canzawa. Ba ƙofar da aka buɗe wa duniya. Abubuwa biyu a kula. Makullin kowace na'ura yana ƙarewa bayan kwana 180, sai a shiga shafin gudanarwa a kashe ƙarewar ga sabar, in ba haka ba wata shida cif ta ɓace ba wanda ya san dalili. Na biyu, a buga tailscale ping da sunan wayar. In ya nuna hanya kai tsaye, alhamdu lillahi. In ya ce via DERP, bayanan na zagayawa ta wata tasha ta kamfanin, a rufe suke ba mai karantawa, amma gudun zai ragu. Idan waya da sabar duka suna bayan CGNAT hakan na yawan faruwa. Ga buɗe takarda ko hoto ya wadatar, ga kallon bidiyo zai gajiyar da mutum.

Ɗan Jega:
Baba, ranka ya daɗe, Cloudflare Tunnel fa, wadda ke fitar da sabar zuwa intanet ta kamfanin Cloudflare? Ana cewa ba sai an saka komai a waya ba.

Baba na Zuru:
Yana aiki, ɗana, amma sai ka sayi sunan yanki (domain) kana biya duk shekara, kuma a tsarin kyauta duk abin da za a tura a karo ɗaya bai wuce 100MB. Manhajar Nextcloud tana yanka babban fayil gunduwa-gunduwa, don haka tana wucewa, wasu manhajojin kuwa su maƙale. Abin da ya fi damuna shi ne shafin shigarka ya zama a buɗe ga duk duniya, kuma bayanan suna warwarewa a wurinsu kafin su iso gida. Hotunan iyali ne, da matan aure da yara. Ga gida, a tsaya a Tailscale.

Injiniya na Aliero:
Kuma a yi lissafin data, don ita ce kuɗin da ba ya ƙarewa. Fayil ɗin 1GB da aka tura daga Gusau zuwa sabar a Jega ya ci 1GB a layin waya, ya ci wani 1GB a layin rauta. Sau biyu ake biya. In kuma gudun turawa na gida 5Mbps ne, jawo 1GB daga waje minti 27 ne, a 1Mbps ya haura awa biyu. Amma waya da sabar in suna kan rauta ɗaya, bayanan ba sa fita gida, ko kobo ba a ci ba, ko da datar ta ƙare. Don haka a saita kowace waya ta tura hotuna sai a kan Wi-Fi kawai, kuma sai tana caji. Mutum ya dawo gida da dare, ya jona waya, aikin ya yi kansa.

Sabar a haɗa ta da rauta da kebul. Ƙaramar MiFi ta aljihu ba ta da ramin kebul, batirinta kuma kumbura yake in ta zauna a caji dare da rana. Ramin 100Mbps yana ba da kamar 11MB a daƙiƙa, na gigabit kusan 110. A cikin rautar a ɗaure wa sabar adireshi guda, in ba haka ba duk ɗauke wuta tana iya samun sabo, wayoyi su neme ta su rasa.

Malama 'Yar Argungu:
Manhaja kuma. Debian 12 ko 13, ko Ubuntu Server 24.04 da ke da tallafi har 2029, ba tare da fuskar tebur ba. Mai tsoron baƙin allon buga umarni ya sa OpenMediaVault, Debian ce a ƙasa, ana sarrafa ta ta burauza. A laftof a buɗe /etc/systemd/logind.conf a sa HandleLidSwitch=ignore, in ba haka ba rufe murfi barci ne.

Faifan ajiya a mayar da shi ext4, tsarin fayil na Linux. Kada a bar shi a NTFS ko exFAT don wai a iya jona shi a Windows, izinin fayil ba ya tafiya daidai a kansu, exFAT kuma ba ta da littafin da take komawa ta gyara kanta bayan ɗauke wuta. Ga kuskuren da ya fi yawa: a rubuta /dev/sdb1 a cikin /etc/fstab. Sunan nan yana canzawa in an jona wani faifai. A ɗauko UUID, lambar faifan da ba ta canzawa, da blkid a sa shi, a ƙara nofail don kwamfuta ta tashi ko faifan bai bayyana ba. To amma nofail na da nasa tarko. In faifan bai hau ba, foldar /mnt/ajiya tana nan fanko a kan SSD, manhaja ta ci gaba da zuba hotuna a ciki har 120GB ya cika, komai ya tsaya. Maganinsa, kafin a ɗora faifan a buga chattr +i /mnt/ajiya. Foldar fanko ta ƙi karɓar rubutu, kuskure ya fito fili tun ranar.

Manhajar da za a ɗora a kai kuma zaɓi biyu ne, Nextcloud ko Syncthing. Nextcloud, wadda Frank Karlitschek ya fara a Jamus a 2016 bayan ya bar ownCloud, ita ce mai kama da Drive: kowa da asusunsa, akwai kwandon shara, akwai tsoffin sigogin fayil, akwai turawa da kai daga waya. Hanya mafi gajarta a Ubuntu ita ce snap install nextcloud, sai snap connect nextcloud:removable-media don ta ga abin da ke /mnt. A ƙara adireshin gida da na Tailscale duka a trusted_domains, in ba haka ba ta ce ba ta amince da adireshin ba. Snap na sabunta kansa da kansa yana cin data, sai a tura shi lokacin datar dare da snap set system refresh.timer=01:00-04:00. Mai haɗawa da hannu ya guji rumbun bayanai na SQLite ga mutum shida, ya sa na MariaDB tare da Redis, ya sa cron.php duk minti biyar, kuma wajen sabuntawa ba a tsallake babbar siga, ɗaya bayan ɗaya ake hawa.

Mai Gyara, Birnin Kebbi:
Nan na saɓa da ke kaɗan, Malama. Ga wanda bai saba ba, Nextcloud kaya ne masu yawa: rumbun bayanai, PHP, sabuntawa. In wuta ta yanke rumbun bayanan ya samu matsala, fayiloli na nan amma ba mai ganinsu. Syncthing da Samba sun fi sauƙi. Syncthing ta kwashe foldar hotuna daga waya zuwa sabar, ta gano ta a cikin gida ko ba intanet, Samba ta buɗe foldar ga kwamfutoci. Fayiloli na zaune a fili, ko laftof ta mutu ka zare faifai ka karanta a wata.

Malama 'Yar Argungu:
Ban musa ba, amma ka faɗi sauran. Syncthing daidaitawa take yi, abin da aka goge a waya sai ta goge shi a sabar, ko da an sa foldar wayar a matsayin mai turawa kawai. Dole a kunna ajiye tsoffin sigogi a ɓangaren sabar, nau'in Staggered, a ba shi kwana 180 ko shekara. Kuma manhajarta ta asali ta Android an daina ta a ƙarshen 2024, Syncthing-Fork ake amfani da ita. Sannan uwar gida da ke son nemo hoton suna na bara daga Kamba, da Samba za ta yi? Nextcloud ma fayiloli a fili take ajiye su cikin foldar kowane mutum, in rumbun ya rikice occ files:scan --all yana sake lissafa su. Gidan da ke son ajiya kawai ya bi taka, gidan da ke son kowa ya riƙa buɗewa ya bi tawa.

Mai Gyara, Birnin Kebbi:
To, na karɓa a haka. Ko wacce aka ɗauka, wayoyin Tecno da Infinix da Itel suna da zafin kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. A shiga saitin batir a cire manhajar daga takura, a ba ta izinin tashi da kanta, a kulle ta a jerin manhajojin da ke buɗe. In ba a yi ba za a yi wata ana zaton hotuna na hawa alhali tun ranar farko ta tsaya.

Sai zafi da ƙura. Lamba 194 a smartctl ita ce zafin faifai, a yi ƙoƙari kada ya zauna sama da 45. Kada a sa laftof a kan katifa ko cikin durowa, kada a ajiye ta ɗakin kwano marar silin. A ɗaga ta da katako biyu iska ta bi ƙasa, a sa fankar kwamfuta mai bolt 12 tana hura ta, wat 2 kawai take ja. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a hure ƙura duk wata, a riƙe fankar ciki da tsinke kada iska ta juya ta fiye da kima. Batirin laftof da ke zaune a cike cikin zafi kumbura yake, in BIOS ko manhajar TLP ta yarda a tsayar da caji a kashi 60 zuwa 80. Da an ga wurin linzami ya fara tasowa, a cire batirin a ranar, ba gobe ba.

Injiniya na Aliero:
Babban batirin ma haka. Na ruwa da na jel, duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwarsu kusan biyu. A ajiye shi wuri mafi sanyi a gidan, mai shan iska. Kuma kada a bar laftof ta sha batirinta har ta mutu. Ƙaramin umarni a cron, mai tada aiki a kan lokaci, ya riƙa karanta /sys/class/power_supply/BAT0/capacity duk minti biyar, in ya sauka ƙasa da 20 kuma ba ta caji, ya rufe ta cikin tsari.

Ɗan Jega:
Allah ya saka da alheri. Saura kwafin mako ɗin, da me ake yi, kuma in faifan zai tafi wani gida ai kowa zai iya buɗewa.

Malama 'Yar Argungu:
Da manhajar restic. Tana rufe komai da kalmar sirri, kuma abin da ya canza kawai take ƙarawa, don haka na farko ne mai daɗewa. restic init sau ɗaya, restic backup /mnt/ajiya duk mako, sai restic forget --keep-weekly 8 --keep-monthly 12 --prune don kada faifan ya cika. Mai Nextcloud ya fitar da rumbun bayanai da config.php ya haɗa a ciki, a snap nextcloud.export na yin wannan. Duk wata a buga restic check --read-data-subset=5%, kuma a maido da folda ɗaya zuwa wani wuri a buɗe hotunan da ido. Kalmar sirrin in ta ɓace ba mai iya buɗewa, har wanda ya rubuta manhajar. A rubuta ta a takarda biyu, ɗaya wurin maigida, ɗaya inda ake ajiye takardun fili.

Takardun da ba a iya sake samu, na makaranta, na gado, na fili, yawanci ba su kai 2GB ba. Su a ƙara musu kwafi na uku a waje, Backblaze B2 na ba da 10GB na farko kyauta kuma restic na magana da ita kai tsaye.

Ɗan Yauri:
Faifan cikin gidan fa, shi ma a rufe shi da kalmar sirri ta hanyar LUKS?

Baba na Zuru:
In an rufe faifan tsarin aiki, duk lokacin da ta mutu ta tashi sai wani ya zo ya buga kalmar sirri a gabanta, tashi da kai ɗin da Injiniya ya saita ya zama banza. A bar SSD a buɗe, a rufe faifan ajiya kawai, a sa masa noauto. Kwamfuta ta tashi, Tailscale ta hau, mai kula ya shiga ta SSH, hanyar buga umarni daga nesa, daga wayarsa ya buga cryptsetup open, ya ɗora faifan, ya tada manhajar. Minti biyu ne, amma sai an samu mutum biyu a gidan da suka iya, don kada ɗaya ya tafi inda ba sabis komai ya tsaya. Mai shagon buga takardu da ke ajiye NIN da sakamakon jarrabawar mutane, shi rufewar dole ce a kansa, amana ce, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023.

Ɗan Jega:
To ga yadda za a kashe kuɗin in na fahimta: faifai biyu na 1TB da aka gwada, sai batir da fanel da cajar mota, sai laftof ta hannu da SSD, rauta mai ramin kebul in babu. In kuɗi suka gaza a tsakiya, wanne za a jinkirta?

Injiniya na Aliero:
Fanel da babban batir. A fara da laftof a kan batirinta, a bar ta ta rufe kanta a kashi 20 ta tashi in wuta ta dawo, wayoyi za su tura abin da suka tara duk lokacin da suka same ta a kunne. Shiga daga waje ne kawai zai zama sai an dace. Rautar a sa mata ƙaramin batirin nan na rauta mai fitar da bolt 12, a duba bakin waya da alamar tsakiya su dace kafin a jona. Kuma damina ta kusa, in hadari ya haɗo da walƙiya a zare cajar daga bango, laftof ta ci gaba a kan batirinta har ya wuce.